Na biya dala don a ce min gawayina ba shi da amfani

1/ Jiya na sa hoton saƙon sabunta rajistata a wata ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta hanyar kimiyya, sai wani bawan Allah ya tambaye ni: "Malam, tsakani da Allah, me ƙungiyar nan take tsinana maka?" Na fara ba shi amsa, na ga ba za ta shiga layi biyu ba. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo 🧵

2/ Ni ɗan Daura ne, haihuwa da tashi. Lauya na so zama, makina bai kai ba, sai na samu kaina a sashen akiyoloji a Zariya, kalmar da ban taɓa ji ba sai ranar. Na dawo gida na yi wa Baffa bayani iya fahimtata. Ya saurare ni tsaf, ya juya ya ce wa Baba, "Yaya, yaron nan fa tonon kabari aka ba shi." Har yau akwai masu kirana Mai Tonon Kabari a dangi.

3/ A shekara ta biyu na kamu da son abin. Ranar da aka fara kai mu fili na ɗauki wani tsingaro, na ga shaidar babban yatsan wadda ta gina tukunyar a jikinsa. Na ɗora nawa yatsan a wurin. Daga ranar ban ƙara zancen lauya ba.

4/ To an gama, an yi bautar ƙasa, an dawo gida. Aiki babu. Na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin kar ma ku tambaya. Shekara uku ban yi hira da mutum ɗaya da ya san me na karanta ba. Littattafaina suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, gara tana karanta su a madadina.

5/ Watan Maris na 2023, lokacin nan da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, wani ɗalibina ya ce min a ƙauyensu, inda tifofi suke ɗibar ƙasa, ana tono wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi kamar an narka su. Ƙauyen yana cikin masarautar nan tamu. Ba zan faɗi sunansa ba, za ku ga dalili a gaba.

6/ Ranar Asabar na hau babur na bi shi. Jama'a, ina leƙa ramin gabana ya faɗi. Kashin maƙera ne, wato dattin da yake saura idan an narka tama an fitar da ƙarfe. Ga gutsattsarin bututun yumɓu da ake zuga iska ta ciki, wuta ta ƙone bakinsu har ya yi ƙyalli. Ga tsingaro ko'ina. A jikin bangon ramin kuma, daidai ƙirjina, ga layin gawayi baƙi wuluk.

7/ Me na yi? Na sa hannu na ƙwaƙulo gawayin na zuba a ledar fiya wata. Na tsinci kashin maƙera cike da aljihu biyu. Na ɗauki hoton kaina ina murmushi. Na hau babur na dawo gida ina jin kamar na ci zaɓe.

8/ A daren na rubuta abin da zan wallafa: "An gano maƙerar zamanin Bayajidda a ƙasar Daura." Na san zai tashi. Ku da kanku da kun yaɗa shi, kar ma ku musa 😅

9/ Sai kun fahimci garinmu. A Daura duk abin da ya tsufa na Bayajidda ne ko na Daurama. Mun tashi muna kai baƙi rijiyar Kusugu, muna ba su labarin macijin da yake hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo da dare ya sare masa kai, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Ga shi yanzu na ga maƙera. Zuciyata ta haɗa lissafin tun kafin ƙwaƙwalwata ta farka.

10/ Abu ɗaya ya tsayar da ni, kuma son kai ne ba hankali ba. Na so in sa lamba a rubutun, in ce shekara kaza, don kar wani ya zo ya ƙaryata ni. Samun lamba kuwa sai an aika gawayin ɗakin gwaji an auna kabon-14 ɗinsa.

11/ A taƙaice ga wanda bai sani ba: duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in kabon mai raguwa. Da ya mutu ɗauka ta tsaya, abin da ke jikinsa ya fara raguwa, rabi a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura sai a ƙiyasta yaushe ya mutu. Wani Ba'amurke, Willard Libby, ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1940, ya ci kyautar Nobel a kanta a 1960.

12/ Da irin wannan awon aka san kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, ya kai wajen shekara 8,000. Ba hasashe ba ne, itacen aka auna.

13/ Na bincika farashi. Samfur ɗaya ɗaruruwan dala. Na rufe wayar na kwanta. Washegari na ga cewa wasu ƙungiyoyin masu wannan sana'a suna ba 'ya'yansu matasa ɗan tallafin gwaji. Don haka gaskiyar magana, ni don kuɗi na shiga ƙungiya. Ba don kishin ilimi ba, ba don zumunci ba.

14/ Biyan kuɗin rajistar ma yaƙi ne. A dala ba wani abu ba ne mai yawa, amma a lokacin katin naira ba ya biya a waje. Sai da na nemo wani abokina da yake karatu a Malesiya ya biya da katinsa, ni kuma na tura wa ƙaninsa naira a nan, dala tana wajen 750 a kasuwa. Kusan rabin albashina ya tafi, ana saura kwanaki a fara azumi.

15/ Baba ya ji labari ya kira ni.
"Katin me suka ba ka?"
"Babu kati, Baba, saƙo ne ta imel."
"Za su ba ka aiki?"
"A'a."
"Adashe ne, wata rana kwasarka za ta zo?"
"A'a, Baba."
Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya sa ba 'yan damfara ba ne." Bai ƙara cewa komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

16/ Cikin abin da rajistar ta buɗe min akwai jerin sunayen 'yan ƙungiya da fannin kowa. Na zaɓi mutum uku masu aiki kan tsohuwar sana'ar ƙarfe na rubuta musu, da hotuna. Biyu shiru. Ta ukun, wata dattijuwar farfesa da ta daɗe tana aiki a yammacin Afirka, ta ce in kira ta ta bidiyo. Na ci bashin data, na sa babbar riga.

17/ Ta fara da taya ni murna, ta ce tabbas wurin narka tama ne. Kaina ya kumbura. Sai ta ɗauko biro.
Ina ne daidai wurin, ka ɗauki lambobinsa a taswira? A'a.
Zurfin nawa daga saman ƙasa? Daidai ƙirjina.
Ka zana bangon ramin kafin ka taɓa? A'a.
Akwai hoto da ma'auni a gefe? Akwai hotona ina murmushi.

18/ Gawayin a cikin tanderun yake, ko a gefensa, ko a samansa? Ban lura ba. Ka haɗa na wuri ɗaya ne ko ka bi layin kana tsinta? Na bi layin. Kana da izini? Nan na yi tsit, don na san tun 1979 doka ta ɗora wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba da izinin irin wannan aiki. Mun yi jarrabawa a kai, har na ci.

19/ Ta ajiye biron ta ce, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, kar in ɓata kuɗin kowa a kan gawayin nan. Ko an auna, lambar da za ta fito ba ta da uwa ba ta da uba. Ba za ta sa hannu a takardar neman tallafina ba.

20/ Bari in yi muku bayanin dalilinta, don shi ne zuciyar sana'ar tamu. Awon kabon ba ya faɗin yaushe aka hura wuta. Yana faɗin yaushe itacen ya daina rayuwa. Maƙeranmu gawayin ƙirya suka fi so, ita kuwa ƙirya tana daɗewa a raye, ta mutu kuma ta daɗe a tsaye ba ta ruɓe ba. Tsakiyar kututturenta zai iya girmar maƙerin da ya ƙona ta nesa ba kusa ba.

21/ Shi ya sa masu aikin suke neman ɗan ƙaramin reshe, ko ƙwayar gero da ta ƙone, abin da bai wuce shekara ɗaya ko 'yan shekaru a duniya ba. Kuma sai an san daga ina aka ciro shi. Gawayin da ke manne a cikin kashin maƙera shaida ne. Wanda ke kwance a gefe zai iya zama saiwar da manomi ya ƙona bara waccan, ko abin da gara da ɓeraye suka gangaro da shi.

22/ Ni kuwa na haɗa duka a leda ɗaya na girgiza. Kamar ka kwashi shaidu goma ka sa su magana lokaci guda, sannan ka ce alƙali ya yanke hukunci.

23/ Abin da ya fi ƙona min rai, babu ko ɗaya a ciki da ban sani ba. An koya mana tun aji biyu. Amma shekara uku ina zaune ni kaɗai, babu wanda zai ce min "kai, tsaya." Duk wanda na nuna wa ledar cewa yake "Masha Allah, Malam, ka ciri tuta." Da me zai musa min?

24/ Sati guda ina fushi. Na ce wa abokina na Malesiya na biya dala don a ce min ban iya ba. Har na fara zancen nan da muka saba, wai Turawa ba sa son a ce Afirka tana da tarihi. Na faɗa na kuma ji kunyar kaina, don matar nan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana nuna wa duniya akasin haka.

25/ Ita ce ta sake rubuto min, ba ni ba. Ta turo min rahoton aikin Durɓi ta Kusheyi ta ce in karanta yadda aka yi, ba abin da aka samu kawai ba. Wurin yana ƙaramar hukumar Mani, tsakaninmu da Katsina. Sau nawa na wuce yankin a mota ina barci?

26/ Tuddai ne na kaburburan manya. Palmer ya fara tona wasu a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 aka tona uku tare da masu bincike daga Jamus. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz don a gyara a yi gwaje-gwaje, aka dawo da su Najeriya a 2014.

27/ An samu 'yan kunnen zinariya, awarwaron hauren giwa, duwatsun ado, wuri, da kwanon tagulla da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Awo ya sa kaburburan a tsakanin wajen ƙarni na 13 zuwa na 16. Wato tun lokacin masu mulki a wannan ƙasa tamu suna da hannu a cinikin da ya tsallaka Sahara.

28/ Yanzu ku ɗauka wani mai zumuɗi irina ne ya riga su zuwa. Da 'yan kunnen sun ƙare a hannun mai awon zinariya, kwanon yana kan kabad ɗin wani. Kayan suna nan, amma ba wanda zai iya cewa tare aka binne su, ko da wa, ko yaushe. A nan na gane ɓarawon kayan tarihi da ni, a ranar Asabar ɗin nan, niyya ce kawai ta raba mu.

29/ Wani abin kunyar kuma. A wani zaman ƙungiya ta intanet wani ɗan Ghana ya ji na ce a Zariya na yi karatu, ya ce ai kuna da sa'a. Ashe ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke cibiyar makamashi ta jami'ar tun 2004 ana iya auna sinadaran yumɓu da shi, a gane ko tukunya a nan aka gina ta ko daga nesa ta zo. Shekara huɗu ina garin, ban taɓa tambaya ba.

30/ Shi ne kuma ya tuna min Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin awon kabon a Dakar tun shekarun 1960. Masu cewa wannan kimiyyar ta Turawa ce, ga amsarku.

31/ Bayan damina na koma ƙauyen. Wannan karon da tef ɗin awo, da takardar zane, da sanda mai alamar santimita, kuma gidan mai gari na fara zuwa. Na faɗi na yi gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa zuwa ƙasarka na ɗauki abu ban yi sallama ba." Ya yi dariya ya ce ai labari ya zo masa tun ranar, har an ce zinariya nake nema.

32/ Ya haɗa ni da wani tsoho muka tafi. A hanya tsohon ya ce kakarsa tana hana su wasa a wurin, tana cewa gonar maƙera ce, amma ko ita ba ta tarar da kowa yana narka tama ba. Na rubuta. Da na tambaya tun zuwan farko da na samu wannan a kyauta.

33/ Bangon da na ƙwaƙuli gawayi babu shi. Tifofi sun cinye, ruwa ya zubar da sauran. Wata shida na ɓata, wata ɗaya a fushi, sauran a jan ƙafa. Kuma ba na zargin masu tifa, abincinsu suke nema, mutanen gari kuma gini suke so. Ba wanda ya taɓa ce musu baƙin dutsen nan wani abu ne.

34/ Saura wata kusurwa a gindin wata aduwa, ba ta fi taku shida ba. A jikinta ga da'irar ƙonanniyar ƙasa ja, gindin tanderu ke nan, da kashin maƙera a zaune inda aka bar shi. Yini guda na yi ina awo, ina zane, ina hoto. Hannuna yana ƙaiƙayi wallahi. Ban ciri ko ƙwaya ɗaya ba.

35/ Mai gari ya yarda a kewaye kusurwar da ƙaya, ya yi wa masu ɗibar ƙasa magana da kansa. Na rubuta rahoto shafi bakwai. Farfesar ta mayar min da shi sau uku da jan biro, wani tsohon malamina ya duba na huɗu, sannan muka miƙa inda ya kamata don neman izini. Ana kan magana. Shi ya sa ban faɗi sunan ƙauyen ba, na san akwai masu babur da leda a cikinku.

36/ Na san tambayar da ke zuwa: to maƙerar ta zamanin Bayajidda ce ko a'a? Gawayi ba ya faɗin suna. Ko an auna gobe, abin da zai ce shi ne an narka ƙarfe a nan tsakanin shekara kaza da kaza. Zai iya fitowa ɗari biyu, zai iya haura dubu. A Dala ta Kano an samu shaidar aikin ƙarfe tun wajen ƙarni na 7, don haka tsufan ba abin mamaki ba ne. Amma ban auna ba, ba zan sa lamba ba.

37/ Labarin Daurama da Bawo da Hausa Bakwai yana da masu riƙe da shi a fada da bakin dattawa, kuma ina alfahari da shi kamar kowane ɗan garin nan. Bai roƙe ni in yi masa ƙarya don in taimake shi ba. Da na wallafa rubutun nan, da yau yana yawo a WhatsApp da sunana a ƙasa, wani ɗalibi ma ya kwafa a aikinsa na kammala digiri.

38/ Kar ku ɗauka ƙungiyoyin nan aljanna ce. Kuɗin dala ne, mu kuma naira muke samu. Da na zo sabuntawa a farkon 2024 dala ta haura 1,500, kuɗi bai canza a wurinsu ba, a wurina ya ninka. Taruka da yawa a Turai da Amurka ake yi, wanda ke zaune kusa da kufan da ake magana a kai shi ne ba ya cikin ɗakin. Na faɗi haka a gabansu, wasu sun ji daɗi, wasu ba su ji ba.

39/ Ga ƙannena da ke karanta wannan fanni: ku fara da ta gida, ƙungiyar masana akiyoloji ta Najeriya, da naira ake biya kuma mota za ta kai ku taronta. Akwai ta yammacin Afirka. Akwai ta nahiyar gaba ɗaya, wadda ta fara taro a Nairobi a 1947, ta yi a Zanzibar a 2022. Akwai Society for Archaeological Sciences, tun 1977, ga mai son ɓangaren gwaje-gwaje. Ku tambayi rangwamen ɗalibai, ba abin kunya ba ne.

40/ Kuma in kun shiga ku yi magana. Ku rubuta wa mutane. Biyu za su yi shiru. Wanda ya biya kuɗi ya zauna yana jiran satifiket ya rataya a falo, gara ya sayi buhun shinkafa.

41/ Tallafin da na shiga dominsa har yau ban samu ko sisi ba. Baba kuma bai daina tambaya ba, sai dai tambayar ta canza. Ran nan na ji yana ce wa Baffa, "Wata tsohuwa ce a can take gyara masa aiki, ba ta karɓar komai." Baffa ya ce to ita me za ta samu? Baba ya ce shi ma abin da yake tunani ke nan.

42/ Kashin maƙeran farko yana cikin kwali da takarda a jiki: an tsinta ba bisa ƙa'ida ba, Maris 2023, da sunana. Da shi nake nuna wa 'yan ajina yadda ba a yi.

43/ Ledar gawayin kuwa ta daɗe a saman kabad. Kwanaki Inna tana shara ta ɗauko ta ce, "Wannan na aikin naka ne, ko in sa turare da shi?" Na ce ta ɗauka. Can da yamma ta leƙo ta ce min bai ma kama da kyau ba, duk ƙasa ce.